Abin Da Ya Ci Ƙafar Bello

Fitowata daga Fakku ba ta da labari. An kore mana shanu, ƙoraina sun bushe a rataye, sai ɗana Bello da ke aiki a wata gonar shanu a Libiya ya aiko cewa maigidansu yana neman macen da ta iya kindirmo, don ya riƙa sayar wa Hausawan da ke can. Na haura hamsin a lokacin. Na ɗaura zane na fito. Abin da nika so a sani daga Agadas ya fara.

A can anka loda mu a bayan wata farar mota buɗaɗɗiya, ƙafafu a waje, kowa da sanda a kafe tsakanin cinyoyinsa yana riƙe da ita. Tun kafin ya tada mota direba ya ce wanda ya saki sanda shi ya sani. A rana ta biyu, da tsakar rana, barci ya sace wani magidanci mutumin Jabo da ke kusa da ni, wanda munka gane juna ta harshe. Na ji faɗuwarsa kamar an yar da buhun gero. Munka yi ta dukan rufin mota. Direba ya tsaya, amma ba don shi ba. Ya fito da igiyar roba ya tsula wa waɗanda hannunsa ya kai, ya koma ya ja mota. Na juya ina kallon mutumin ya tashi zaune, ya miƙe tsaye, yana ɗaga hannu ɗaya, har ya zama ɗigo a cikin rairayi. Ban san sunansa ba. Na dai san yana da 'ya'ya fuɗu da gonar dawa a bakin fadama.

Bayan Dirku munka faɗa shingen wasu masu bindiga. Maza anka kwantar da su ruf da ciki a kan yashi mai zafi, ana dukan tafin ƙafafunsu har sai sun fito da abin da sunka ɓoye. Mu mata anka zazzage kayanmu a ƙasa. A cikin ƙunshina akwai baƙar ƙwaryar da nika kwantar da nono a cikinta tun ina amarya, da wani ƙyalle da na jiƙa da nonon gida na shanya, don ya zame mini iri, wato ɗan abin da ake sa wa sabuwar madara ta kwanta. Ɗaya daga cikinsu ya ɗora takalmi a kan ƙwaryar, yana kallona, ya danna a hankali har ta tsage gida uku. Ƙyallen ya shinshina ya yar, iska ta tafi da shi. Ban yi kuka ba. Ni in an cuce ni ba na magana, fuskar mutum nika haddacewa.

A Sabha wata mata 'yar Tawa mai suna Hajo ta tsince ni a bakin gareji, ƙafafuna sun kumbura sun ƙi shiga takalmi. Fura take sayarwa a wurin. Ba ta tambaye ni ko ni wace ce ba, ta ce in shigo. Kwana uku tana gasa mini ƙafa da ruwan zafi, tana yi mini tsiya wai Sakkwatawa ko a lahira sai sun nemi inda ake dama fura. Ran da Bello ya zo ɗaukata ta tsiyaya mini irin nononta a wata 'yar kwalba, ta ce in sa a cikin zane kusa da fata.

Bello ya rame, haƙoransa sun yi tsawo. A hanyar gona ya ce mini, "Inna, nan ba a tambaya. Abin da anka ce ki yi, ki yi, ki rufe ido."

Na ce, "Idona ba shi rufuwa. Bakin dai in kama."

Gonar tana da nisan rabin yini daga gari, an kewaye ta da katanga da waya mai ƙaya. Shanun dabbare-dabbare ne, baƙi da fari, manya, hantsarsu kamar tulu. Ba sa fita kiwo. Inda suke ci nan suke kashi, nan suke kwanciya. Ba mai suna a cikinsu, sai lamba a kunne. Inji ke tatsarsu, madarar ta bi bututu ta taru a wani babban tanki mai tsani, da hantsi motar tanka ta zo ta kwashe. Mai gonar tsoho ne, mudir suke ce masa, ba ya yawan magana. Ɗansa ne ke yawo da guntun ƙarfe a hannu da bindiga a kafaɗa. Ma'aikata suna kiransa Ƙarami.

Abin da idona ya fara kamawa allura ce. Kowace safiya Bello da wani ɗan Konni mai suna Isiya sai su bi layi da sirinji da kwalabe, mai ciwo a soka mata, mai lafiya ma a soka mata, wai don kada ta kamu. A kwamin ruwansu kuma ana zuba wani gari, ruwan ya koma ruwan ɗorawa. Wannan bai ba ni tsoro ba. Mu ma a gida haka muke, sai dai namu kaɗan ne. Marigayi uban Bello in ya je Tambuwal ran kasuwa ba ya dawowa sai da kwalbar allurar shanu, kuma in zazzaɓi ya kama shi a daji daga ita yake ɗiba ya soka wa kansa a cinya. Kafso ja da rawaya kuwa, ni da hannuna na sha fasa shi in barbaɗa a gyambon saniya da na mutum, ya kuma warke.

A can baya akwai wani garke na daban, na shanun da hantsarsu ta kumbura ta yi tauri, tana fitar da mugunya da jini. Kowace an shafa mata jan fenti a ƙafa. Madararsu ba a sa ta a tanki, don direban tanka yana tsoma wata 'yar takarda kafin ya ɗiba, in ta nuna akwai magani ya juya ya tafi ya bar su da kayansu. Wannan madarar ce ma'aikata ke sha. Ita ce kuma anka kawo mini a bokitai anka ce in yi kindirmo da ita. Ashe aikin da anka kira ni in yi ke nan, in mayar da abin zubarwa abin sayarwa.

Na tace, na dafa, na bar ta ta huce, na sa irin Hajo, na rufe. Da safe na buɗe, ruwa tsululu. Na sake, na canza wuri, na naɗe robar da bargo. Ruwa. Kwana uku haka. Shekara arba'in ina kwantar da nono, ko ran da na haihu bai ƙi ni ba. Isiya ya ce, yana dariya, wataƙila madarar Larabawa ba ta jin Sakkwatanci. A rana ta huɗu na ɗauki kofi na je wurin wata saniya da anka kawo sabuwa, ba a kai ga soka mata komai ba, na tatsa da hannu, na sa sauran ɗigon irin da ya rage. Ta kwanta, har ana iya yankarta da ludayi. Nan na gane ba hannuna ba ne. Abin da ake ɗura wa shanun nan yana fita ta nononsu, kuma yana kashe abin da ke sa madara ta kwanta.

Na kuma lura da wani abu da ya fi wannan. Shanun jan fenti ba sa warkewa. A yi musu farar kwalba sati guda, a koma mai ruwan ƙasa, a koma wata, hantsar tana ƙara ruɓewa. In saniya ta kasa tashi sai a yanka ta a wurin, a yanke hantsar a jefa wa karnuka, naman a loda a mota a kai gari. Na ga wannan duka. Na gani, amma ban haɗa shi da kaina ba.

Ran nan Ƙarami ya shigo rumfar da nika aiki, ya buɗe robobi ya ga ruwa. Ya shure su ɗaya bayan ɗaya, madara ta malale har ƙofa. Na ɗauko kofin nan da ya kwanta na nuna masa, na ce wa Bello ya gaya masa laifin na allurarsu ne. Bello bai fassara ba, amma mutumin ya gane daga fuskata. Ya kife ni da mari, ɗankwalina ya faɗi cikin madara. Ya ɗaga ƙarfen zai sauke mini, Bello ya riƙe masa hannu. Riƙewa kawai ya yi, bai doke shi ba.

Masu gadi biyu sunka zo. Sunka ja shi a ƙasa ta ƙafa har cikin garken jan fenti, don sauran ma'aikata su gani. Sunka yi ta dukansa cikin kashin shanu yana kare kansa da hannuwa, shanu suna ta tsalle suna tattaka juna. Ƙarami ya ɗauki shebur ɗin kwasar kashi ya sara masa a ƙwauri, sau biyu. Na ji ƙarar ƙarfe a kan ƙashi. Ɗaya mai gadin ya riƙe ni ta wuya ta baya, don in kalla. Na kuwa kalla.

Da sunka tafi, ni da Isiya munka fito da shi. Naman ƙwaurin ya buɗe kamar bakin jaka, cike da kashi da ƙasa. Famfon ma'aikata ba a sakin ruwansa sai la'asar. Na waiga, ga kwamin shanun nan a gefena, cike da ruwan ɗorawa. Na ce a raina, wannan ai ruwan magani ne, ya fi na famfo. Na ɗebo da bokiti, har ina ture kan wata saniya da ke dalalar da yawu a ciki, na wanke ciwon tas, na sake ɗebowa na sake wankewa. Isiya ya kawo man da ake matsa wa shanu a kan nono, na cika ramin da shi, na yage zanena na ɗaure. Ya kuma soka masa farar kwalba a cinya, yana cewa allurar da ke tada bijimi ba za ta kasa tada Bello ba. Kullum safe da yamma haka na yi ta yi. Da ruwan kwamin nan na yi ta wanke ƙafar ɗana, har kwana shida.

A rana ta uku ƙafar ta kumbura tana sheƙi, kaluluwa ta fito masa. Munka koma kwalba mai ruwan ƙasa. A rana ta biyar wari ya hana ma'aikata kwana a ɗakin, kuma warin na san shi, shi ne na garken baya. A rana ta shida yatsun sunka yi baƙi, ya fara kiran sunayen shanunmu da anka kore. Na aika Isiya wurin mudir ya roƙi mota. Ya dawo da leɓe a fashe, ya ce an ce marar takarda ba ya zuwa asibiti, in ya mutu akwai wuri a bayan katanga.

Washegari da hantsi, an gama tatsa, tanki ya cika, tanka tana ƙofa tana ta oda. Na cika bokiti da madarar jan fenti, wadda ta fi kowace mugunya. Na hau tsanin tankin nan da bokiti a kai kamar mai zuwa talla, na buɗe murfi, na ɗora bokitin a baki na karkata shi. Sannan na kira Isiya.

"Gaya wa mudir, ko mota ta ɗauki ɗana, ko in zuba."

"Inna, kashe ki za su yi."

"In sun kashe ni bokitin ciki za shi faɗa. Gaya mishi hakan ma."

Ƙarami ya harba bindiga sama, shanu sunka rikice. Ya zo gindin tsani yana dukan dugadugaina da ƙarfe, kowane duka bokitin yana rawa, madarar tana leƙa baki. Tsohon ne ya daka masa tsawa. Mudir ya tsaya yana kallona ina kallonsa, tanka tana ta oda. Can ya yi magana, anka kawo motar ɗaukar nama. Na ce ba na sauka sai na ga Bello a ciki, an juya kan mota ya dubi ƙofa. Anka yi hakan. Ina sauka Ƙarami ya tare ni da gindin bindiga a baki. Haƙorana biyu na gaba a gonar nan na bar su. Anka jefa ni kusa da Bello a kan jinin shanu da bai bushe ba, direba ya kai mu ƙofar wani ƙaramin asibiti a Sabha ya sauke mu a ƙasa ya tafi.

Likitan da ya karɓe mu baƙin mutum ne ɗan Sudan. Da ya ji ina magana da Bello sai ya amsa mini da wata tsohuwar Hausa irin ta kakanninmu. Ya ce kakansa daga ƙasar Sakkwato ya tashi da ƙafa za shi Makka, ya tsaya a hanya ya yi iyali. Bai tambaye mu takarda ba. Ya kwance zanen, ya duba, ya tambaye ni abin da anka sa wa ciwon. Na faɗa masa duka, har ruwan kwami. Bai yi mini faɗa ba.

Anka rataya wa Bello ruwa da magani. Bayan kwana biyu anka canza, anka sake canzawa. Hajo ta ji labari, kullum sai ta zo da kunu ta zauna tana kore masa ƙuda. Baƙin nan kuwa yana hawa, ya bar idon sawu ya nufi gwiwa. Ran nan likita ya kira ni ya nuna mini wani faifan gilashi da anka shafa mugunyar Bello a kai, an jera wasu fararen ƙwayoyi kamar maɓallai. Ya ce kowane maɓalli magani ne daban, kuma inda magani ke aiki za a ga fili wankakke kewaye da shi. Na duba da kyau. Cutar ta tsiro ta rufe faifan kamar fumfunar tuwon da ya kwana uku, har jikin kowane maɓalli.

Ya ce abin da ke kwantar mini da nono ma ƙananan halittu ne masu rai, magani ya kashe su don baƙonsu ne. Na garken can kuwa a cikin maganin anka haife su, tare da shanu suke shansa kullum, raunanan sun mutu tuni, masu taurin sun rage sun hayayyafa. Ya ce akwai sauran magani guda, babu shi a garin, kuma ko ya zo ƙafar ta riga ta mutu. In ba a cire ta daga saman gwiwa ba, ba zai kai Juma'a ba.

Bello ya ji. Hankalinsa ya ɗan dawo a lokacin. Ya kama bakin mayafina ya ce, "Inna, kada ki bari su yanke. Makiyayi ba ƙafa, mi ya rage? Ki bar ni in tafi da abuna cikakke."

Na ce na ji.

Da azahar ya daina gane mutane. Likita ya kawo takarda da tawada. Hajo ta ce in tuna abin da yaron ya roƙa. Na ce na tuna. Na dangwala babban yatsana.

Na roƙi a ba ni ƙafar, anka ba ni a cikin baƙar leda. Hajo ta kawo farin ƙyalle, munka naɗe ta, munka kai gefen maƙabarta. Wani tsohon Balarabe mai haƙar kabari ya dubi abin da ke hannuna, ya dubi bakina da ya kumbura, ya ɗauki diga ya haƙa ɗan rami. Da munka rufe ya ɗaga hannu ya yi addu'a tare da mu.

Bello ya farka, ya ɗaga bargo ya duba, ya juya fuska ga bango. Zazzaɓin ya sauka a hankali, kututturen ya yi ta ruwa wata biyu kafin ya kame. Duk tsawon wannan yana magana da likita, yana magana da Hajo, ni kuwa ko ruwa na miƙa masa sai ya karɓa bai dube ni ba. Likitan ne ya sa sunanmu cikin waɗanda ake maidowa gida a jirgi. Munka sauka Kano, munka hau mota zuwa Tambuwal, bai ce mini komai ba. Daga Tambuwal zuwa Kebbe har Fakku sai babur, shi kuwa ba ya iya zama daidai, gefe guda yake zamewa. Na kwance mayafina na ɗaure shi a bayan mai babur, na ƙulle a ƙirjin mutumin, na hau wani da sandunansa a hannu ina bin su a baya.

Gari ya fito. Matar Bello ta ga wandon da anka naɗe da fil, ta zauna a ƙasa inda take. Anka kwance shi anka zaunar a kan turmi a ƙofar gida. Baffansa Malam Sambo, ƙanen ubansa, ya yi masa sannu, ya tambaye shi a gaban jama'a abin da ya same shi.

Bello ya ce, "Harsashi ne, Baffa. Wajen aiki."

Mutane sunka fara salati suna tsine wa masu bindiga. Na gane abin da yaron ya yi, rufa mini asiri yake. Na ajiye sandunan na ce ba harsashi ba ne. Na ce an sare shi da shebur saboda ni, amma sara ba ta cin ƙafa. Na ce ni na wanke ciwon da ruwan maganin shanu kwana shida, ni na sa anka yi masa allurarsu irin wadda rabin mazan da ke tsaye a nan suke da ita a rataye a ɗaka, kuma ni na sa yatsa anka yanke bayan ya roƙe ni kada in bari. Malam Sambo ya ce in yi shiru haka nan, ƙaddara ce. Na ce ƙaddara ce, amma da hannuna ta zo, kuma gara kowa ya san hannun.

Bello ya sunkuyar da kai. Matarsa ta taso za ta kama shi, wasu maza biyu ma sunka matso. Ya ɗaga kai ya dube ni, karo na farko tun Sabha.

"Inna, kama ni in shiga ciki."

Na sa kafaɗa a ƙarƙashin hammatarsa. Ya sakar mini nauyinsa duka, munka shiga.